Tambaya da Amsa: Zanen Duwatsun Jubba

Tambaya: Malam, a Madina nake zaune da iyalina. Ina son kai yara su ga zanen duwatsun Hayil da ake ta labari. Ya cancanci wahalar tafiyar?

Amsa: Ɗan'uwa, ya cancanta ƙwarai. Jubba ake kiran wurin, kimanin kilomita 90 arewa maso yamma da Hayil, cikin hamadar Nafud. A 2015 UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Ranar da na tsaya gindin Dutsen Ummu Sinman, shanun da aka sassaƙa ne suka kama ni, masu dogayen ƙahoni kamar na Fulaninmu. Shanu a tsakiyar rairayi! Ashe a da tafki ne a wurin, da ciyawa, shekaru dubbai da suka wuce. Raƙuma da rubutun Samudawa sun zo daga baya, bayan ƙasa ta bushe. Ka nuna wa yara wannan bambancin, za su gane da idonsu.

Ku je lokacin sanyi, da sassafe, sa'ad da zanen ya fi fitowa. Ku riƙe ruwa. Don Allah kada yara su goga hannu a jikin dutsen.