Amsa ga 'yar uwar da ɓerayenta suka ƙi shinshinar juna

Wallahi 'yar uwa, da na karanta tambayarki sai da na ajiye waya na yi shiru. Kin ce kin takura ɓerayen gwajinki, kin yi musu allurar diazepam, maganin kwantar da tsoro, maimakon su saki jiki su shiga shinshinar juna sai kowa ya lafe a lungu. Abin da ya same ni ke nan lokacin digirina na biyu.

Nawa kike ba su? Ni 5 mg/kg, wato miligiram 5 ga kowane kilo na nauyin ɓera, aka sa na bayar. Ashe ta hanyar GABA, sinadarin da ke lafar da aikin ƙwaƙwalwa, da maganin ke kwantar da tsoro, ta nan yake kawo kasala da gyangyaɗi. Ban gane ba sai ranar samina. Wani farfesa ya nuna bidiyona ya ce, "Malama, wannan ɓeran tsoro ne ya bar shi ko barci yake?" Aka kwashe da dariya. Na waiga wurin sufabaizana, shi da ya zaɓi adadin da bakinsa, na ga yana latsa waya kamar bai taɓa ganina ba. Bayan an tashi har cewa ya yi na kunyata shi! Wata huɗu na wahala da kuɗin ɓeraye daga aljihuna. A banɗaki na yi kukana. Har yau in na tuna fuskarsa raina ɓaci yake.

Da na koma 1 mg/kg, minti 30 kafin gwaji, sai suka fara bin juna. Ki saka kowane ɓera shi kaɗai a akwati mai zanen layuka a ƙasa ki ƙirga layukan da ya tsallaka. In sun ragu sosai, kasala ce. Ki riƙa goge akwatin da sifirit, kuma don Allah ki bar humra a gida ranar gwaji, hancinsu ba irin namu ba ne.

Ba ki faɗi irin takurar ba. In ta haɗa su da babban namiji mai cizo ce na kwana 10, a wani bincike na 2006 chlordiazepoxide, ɗan uwan diazepam, bai hana su gudun juna ba. Fluoxetine, maganin ciwon damuwa, ne ya yi, shi ma sai da aka yi kwana 28 ana ba su.

Kuma duk adadin da malaminki ya ce, ki lallaɓa shi ya rubuta a littafinki da hannunsa. Ni nawa a kan matattakala ya faɗa min, yana sauri zai tafi masallaci.