Me ya sa Jamus ta Gabas ta riga Poland shiga Tarayyar Turai?

Malam, ka tambaya yadda aka yi Jamus ta Gabas ta shiga ƙungiyar Turai tun 1990, Poland kuwa sai 2004, alhali kusan lokaci guda suka rabu da kwaminisanci.

Jamus ta Gabas ko takardar neman shiga ba ta rubuta ba. Bayan faɗuwar katangar Berlin ranar 9 ga Nuwamba 1989, aka fara da haɗa kuɗi: daga 1 ga Yulin 1990 mutanen Gabas suka koma kashe kuɗin Jamus ta Yamma, har albashinsu aka canja ɗaya da ɗaya. Ranar 3 ga Oktoba ƙasar ta narke cikin Jamus ta Yamma a matsayin sabbin jihohi biyar. Yamma kuwa tana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar tun 1957, don haka Gabas ta shige a inuwarta. Amma ta ji a jikinta, domin masana'antunta da yawa sun rufe, matasa suka yi ta kwarara Yamma neman aiki.

Poland ba ta da babban wa irin wannan. Dole ta bi layi. A 1993 shugabannin Turai suka gindaya sharuɗɗa a Copenhagen, babban birnin Denmark: dimokuraɗiyya, kare haƙƙin ɗan Adam, tattalin arzikin kasuwa, da ɗaukar dokokin ƙungiyar gaba ɗaya, wanda a ganina shi ne ya fi cin lokaci. Poland ta nemi shiga a 1994, aka fara tattaunawa a 1998, ta shiga ranar 1 ga Mayun 2004 tare da wasu ƙasashe tara.