Jakar Rataye Ta Mai Hoto: Amsa Ga Yarona

Ɗana, ka tambaye ni ko ka sayi jakar nan da aka turo maka hotonta daga Yamai, babba, baƙa, mai aljihu ta kowace kusurwa da sunan kamfanin kyamara rangaɗau a gaba, ko kuwa ka haƙura ka nemi jakar goyo. Ka ce so kake duk kayanka su shige wuri ɗaya. To, kada ka sayi ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Shimfiɗa tabarma, ka baje abin da za ka fita da shi ɗaurin aure guda, shi kaɗai, sannan ka nemi jakar da ta yi daidai da shi.

Bari in yi maka lissafin. Kyamararka Canon 600D da batir a ciki giram 570 ne ko kusa da haka. Gilashin 18-55, wato idon kyamara, wajen giram 200, ɗan 50 ɗin nan, ƙaramin gilashinka, bai ma kai haka ba. Filashi da baturansa huɗu rabin kilo. Ka haɗa da batir na biyu da katunan ajiye hoto, kilo ɗaya da rabi ke nan. Wasu manyan jakunkunan kuwa tun babu komai a cikinsu sun haura kilo. Kuma babbar jaka ba ta zama da sarari. Yau ka jefa caja, gobe kwamfuta, jibi gorar ruwa da wayoyin da ba ka taɓa amfani da su a wajen aiki ba, duka a kan kafaɗa ɗaya. Kafin la'asar wuyanka ya sage, hannu ya fara rawa, lokacin kuma haske ya ragu, ana shirin fito da amarya. Hoton da ya fi kawo kuɗi shi ne zai fito da dishi-dishi.

Jakar goyo adaka ce, jakar rataye kuwa aljihun riga. Ta goyo tana da ranarta, in za ka hau bas zuwa Yamai, tafiyar da ta haura kilomita 500, ko za ka shiga ƙauye da ƙafa. Amma kafin ka ciro abu sai ka sauke ta, ka ajiye a ƙasa, ka buɗe ta gaba ɗaya. Ƙasa a Tawa kuwa rairayi ce. Ka tuna filin kokowa, tunda garin nan ne ya karɓi gasar ƙasa ta farko a 1975 kuma har yau in ana karawa ba masaka tsinke. Ƴan kokowa na tayar da ƙura, makaɗa a gefe, jama'a na turo ka ta baya. A ina za ka ajiye jaka? Kuma abin da ke bayanka ba ka ganin hannun da ya shige shi. Ta rataye kuwa ka jawo ta gabanka, ka ɗaga murfi da hannu ɗaya, ka canja gilashi kana tsaye, ka mayar da ita kwiɓi.

Yanzu ga abin da ya fi komai a wurinmu: ƙura. Masu ƙera jakunkunan nan ruwan sama suke tsoro, shi ya sa za ka ga suna ta tallar rigar ruwa. Mu ruwanmu na ƴan watanni ne, leda mai kauri a naɗe a aljihu ta ishe ka. Ƙura kuwa tun daga hunturu har guguwar farkon damina tana tare da kai, kuma ta hunturu laushi gare ta, ba ta neman babbar ƙofa. Saboda haka ka nemi jaka mai rufi biyu, zif a ciki, sannan murfi ya sauko ya lulluɓe shi. Ka duba kusurwoyin sama, dama da hagu, wurin da maratayi ke jan jaka. Da yawa in ka rataya su da nauyi sai bakin ya wage a nan, kai kana ganin a rufe take. Masu kyau suna da ƴan kunnuwa na ƙyalle da ke naɗewa ciki su toshe wurin. Ga yadda za ka gwada: kunna fitilar wayarka, jefa ta ciki, rufe jakar, ka rataya ta a ɗaki mai duhu. Duk inda haske ya leƙo, ta nan ƙura za ta shiga.

Zif ɗin ma ka kalle shi da kyau. In ka ga YKK a jikin marikinsa, na kamfanin Japan ne, yawanci ya fi jure wahala, ko da yake shi ma ana kwaikwayonsa. Ja shi sau da yawa, musamman a kwana. Rairayi ke cinye zif, don haka duk mako ka goge haƙoransa da tsohon buroshi, ka ɗan goga masa kyandir. Kada ka kuskura ka sa mai, ƙura zai tara.

Sai Velcro, abin mannewar nan mai ƙara. A cikin jaka, wajen riƙe shamakin soso, ba laifi. A kan murfi kuwa ba na son sa. Liman ya ɗaga hannu, kowa ya yi tsit ana shafa fatiha, sai a ji kyaaat daga wajenka, dattawa duk su waiwayo. Ba za a ce maka komai ba, amma an gane yaron wa ne. Ban da haka, in ka ratsa daji da kaka, ƙarangiya da zare za su cika shi har ya daina kamawa. Maɓallin ƙarfe ko ƙugiya sun fi, kuma ka koya wa yatsunka buɗe su ba tare da ka duba ba.

Cikin jakar ya zama mai haske, toka-toka ko ruwan ƙasa. A baƙin ciki murfin gilashi da katin hoto ɓacewa suke, kuma ba ka ganin dattin da ya taru balle ka kakkaɓe. Shafa ƙyallen da tafin hannu; in ya bar maka gashi-gashi, zai bar wa kyamara ma. In za ka canja gilashi, ka kashe kyamara, ka juya wa iska baya, bakin kyamara na kallon ƙasa a cikin bakin jakar, sabon gilashin kuma ka riga ka kwance murfinsa na baya. Jakar da ba ta tsayawa da bakinta a buɗe ba za ta bar ka ka yi wannan da hannu biyu ba, sai ka nemi na uku.

Launin waje ma magana ce. Buɗe littafin kyamararka, za ka ga an rubuta ta yi aiki tsakanin digiri 0 zuwa 40. A watan Afrilu da Mayu Tawa na wuce 40 a inuwa. Baƙar jaka a rana zafi take sha, batir ya lalace da wuri, robar jikin kyamara ta fara saki. Ɗauki kaki ko ruwan ƙasa, kuma ko wace iri ce kada ka bar ta a kan moto ko cikin mota a rufe. Da damina kuma in ka fito daga zaure mai na'urar sanyi, bar kayan a rufe na ɗan lokaci kafin ka buɗe, don kada gilashi ya yi gumi.

Soso ba yawansa ake nema ba, a gindi ake son sa, don jaka ta gindi take faɗuwa. Danna shi da babban yatsa. In ka taɓo ƙasa, sosan katifa ne, bar shi. In jakar gwanjo ce, murza shi ka ji ko ya fara zama gari, don tsohon soso rugujewa yake ya cika kyamara. Gefe kuwa siririn shamaki ya isa, dai kada ƙarfe ya gogi ƙarfe.

Maratayi ya kai faɗin yatsu uku, da matashi a kafaɗa wanda ba ya zamewa a kan shadda. Juya jakar ka ga inda aka haɗa shi. Mafi kyau shi ne wanda ya zagaye ta ƙarƙashi ya ɗauke ta gaba ɗaya. In ɗinke shi aka yi a gefe, ka ga ɗinkin murabba'i da gicciye a tsakiya, ba layi ɗaya ba. Ƙugiyar roba rana na busar da ita, wata rana ta karye ba sallama. Rataya ta ta ratsa ƙirji, ta zauna a kan ƙugu. A kan kabu-kabu ka jawo ta kan cinyarka. Kada ka yarda a ɗaure ta a bayan moto, girgiza na kwance gilashi a hankali.

Batun sunan da ya burge ka kuwa, ba girin-girin ba, ta yi mai. Suna ana ɗinka shi a jikin kowace jaka, kuma aikinsa ɗaya a kasuwa, ya gaya wa ɓarawo abin da ke ciki. Jakunkunan da ƴan jarida suka daɗe suna yabo ba su da wani ado. Domke F-2 wani mai ɗaukar hoto na jarida a Filadelfiya ta Amurka, Jim Domke, ya fito da ita a 1976, zanen tamfol ce kawai mai laushi da ke kwanciya a jikin mutum. Billingham na Ingila da jakar masu kamun kifi suka fara a 1973, sai masu hoto suka ɗauke ta. Ba cewa nake ka saye su ba, kuɗinsu zai yi maka gilashi. Siffarsu za ka duba.

Na san za ka ce ga dukawanmu. Aikinsu ba na biyu, kuma in kana son maratayi ko gindin fata, kai musu, za su yi maka wanda zai fi jakar daɗewa. Amma kada fatar jima ta taɓa kayan kai tsaye: rini na zuba, tana riƙe danshi da damina, danshi kuma shi ke haifar da fumfunar da ke cin gilashi daga ciki. Hanya mafi sauƙi ita ce ka sami jakar tamfol mai ƙarfi, ko ta gwanjo ce, tela ya ɗinka maka akwatin soso mai tauri daidai cikinta, ya ƙara kunnuwan nan a kusurwa.

Ka jera kayan haka: kyamara a tsakiya da gilashinta a ɗaure, bakinsa ƙasa, mariƙi a wajen hannunka na dama. Ɗan 50 a gefe ɗaya, filashi a tsaye a ɗaya gefen, ɗan famfon busa ƙura da ƙyallen goge gilashi a aljihun gaba cikin leda. Batir kada ya haɗu da makulli ko sulalla. Katin da ya cika kuwa ba ya komawa jaka, aljihun rigarka na ciki ne wurinsa. Kyamara ana sake saye, ɗaurin aure ba a sake shi.

Kada ka saya don dogon gilashin 70-200 da kake mafarki. Shi kaɗai kusan kilo ɗaya da rabi ne, tsawonsa santimita 20, ranar da Allah ya hore maka shi za mu sake zama. In za ka Yamai, tafi da kayan naka, ka zuba su ciki a gaban mai shago, ka rataya ka ɗan zagaya, ka ciro kyamara da hannu ɗaya ka mayar. In bai yarda ka gwada ba, wuce gaba. Abin da ya ragu a kuɗin ka ƙaro kati da batir.