Amsa ga ɗana da ke karatu a Debrecen kan masu suna Kovács

Assalamu alaikum ɗana. Saƙonka ya iso, kuma na yi murna da jin cewa karatu yana tafiya daidai. Ka ce ɗaya daga cikin malamanka sunansa Kovács, matar da ta ba ku hayar gida ita ma Kovács take, sannan alƙalin da ya busa wasan ƙarshe na gasar zakarun Turai a 2025 shi ma da sunan nan aka kira shi. Kana tambaya ko wani babban gida ne a ƙasar Hangari, kuma ko ya dace idan kuna gaisawa da malamin ka tambaye shi lafiyar waɗannan 'yan'uwa nasa, kamar yadda aka yi maka tarbiyya a gida. Niyyarka kyakkyawa ce, amma kada ka yi masa wannan tambayar, domin galibin masu sunan nan babu jinin da ya haɗa su, kuma su kansu ba sa ɗaukar juna a matsayin dangi.

Kovács sunan sana'a ne, ma'anarsa maƙeri. A ƙarnonin da mutanen ƙasar suka fara gadon sunan iyali daga uba zuwa ɗa, wato daga wajen ƙarni na 14 zuwa na 16, babu ƙauyen da zai rayu ba tare da mai ƙera garma da gatari da takalmin doki ba, saboda haka kusan kowane ƙauye yana da mutumin da ake kira da sunan wannan sana'a, 'ya'yansa da jikokinsa kuma suka gaji sunan ko da sun bar uwar maƙera tun tuni. Ka ɗauka a ce a ƙasarmu an wajabta wa zuriyar kowane maƙeri, daga Katsina har Damagaram, su riƙa rubuta Maƙeri a jikin sunansu har abada. Da yau dubbai ne ke amsa shi alhali kakanninsu ba su taɓa ganin juna ba. Abin da ya faru ke nan a can. Yau masu sunan Kovács a Hangari sun haura dubu 200 a ƙasar da jama'arta ba su kai miliyan 10 ba, kuma Nagy, wato babba, shi ne sunan da suke kafaɗa da kafaɗa da shi wajen yawa. A bayansu akwai Szabó mai nufin tela, da Molnár mai nufin mai niƙa, da Varga mai aikin fata, da kuma irin su Tóth da Horváth da Németh waɗanda ke nuna al'ummar da kakan mutum ya fito daga cikinta. Wajen furuci, haruffan cs tare suna fita ne kamar c ɗinmu na kalmar ciki, don haka ka kula kada ka kira malaminka da s a ƙarshe.

Tunda kai mai son wasanni ne, bari in nuna maka girman abin ta hanyar gasar Olamfik, inda sunan nan ya daɗe yana fitowa. Wanda ya fi cancanta ka fara sani shi ne Kovács Pál, domin a Debrecen ɗin da kake zaune aka haife shi a 1912. Gwanin wasan takobi ne, kuma ya ci lambar zinare 6 tsakanin gasar Berlin ta 1936 da ta Rum ta 1960, biyar tare da tawagar ƙasarsa, ɗaya kuma shi kaɗai a Helsinki a 1952. Ka lura cewa yaƙin duniya na biyu ya hana a yi gasar 1940 da ta 1944, lokacin da yake ganiyar ƙarfinsa, kuma duk da haka ya dawo ya ci gaba da cin nasara har yana da shekara 48. A ganina wannan juriyar ta fi yawan lambobin kansu ban mamaki, domin wasan takobi wasa ne na saurin ido da saurin ƙafa, abubuwan da shekaru ke fara ɗauke wa mutum. A gidansa ne kaɗai cikin waɗanda zan ambata za ka sami dangantaka ta jini, domin ɗansa Kovács Tamás ya gaji takobin, ya kuma samu lambar tagulla tare da tawagar ƙasar a 1968 da 1972.

Sauran kuwa kowa da gidansu da garinsu. A gasar Barcelona ta 1992 wani saurayi ɗan shekara 20 daga garin Paks, Kovács Antal, ya ci zinare a kokawar judo, kuma shi ne ɗan Hangari na farko da ya yi hakan. A wannan gasar dai ɗan dambe Kovács István ya samu tagulla, sannan ya koma Atlanta a 1996 ya ɗauki zinare a ajin kilo 54 bayan ya doke Arnaldo Mesa na ƙasar Kyuba, ƙasar da ta yi suna a dambe. Daga baya ya shiga damben neman kuɗi, ya ci kambun duniya na hukumar dambe ta WBO a 2001. A Atlanta ɗin nan wata yarinya mai suna Kovács Ágnes ta samu tagulla a ninƙaya ta mita 200, kuma bayan shekara huɗu ta ci zinare a Sydney tana da shekara 19. A Sydney kuma aka fara jin sunan Kovács Katalin a tseren kwale-kwale, wadda daga 2000 zuwa 2012 ta tara lambobin Olamfik 8, uku na zinare da biyar na azurfa, ban da zinare 31 da ta ci a gasar duniya. Baƙon da ya ga jerin sunayen tawagar Hangari a waɗannan shekarun zai rantse cewa gida ɗaya ne Allah ya albarkata, alhali mutanen ƙasar ko a zuciya ba sa kawo hakan.

Alƙalin wasan da ka gani kuwa labarinsa ya fi haka zurfi, kuma ina so ka fahimce shi sosai kafin ka yi maganarsa da abokan karatunka. Sunansa Kovács István, daidai da na ɗan damben, amma shi ɗan ƙasar Romaniya ne, an haife shi a garin Carei da ke kusa da iyaka, ba nisa sosai da inda kake. Dalilin da ya sa ɗan Romaniya ke amsa sunan Hangari shi ne yarjejeniyar Trianon da aka sa wa hannu ranar 4 ga Yuni 1920, bayan yaƙin duniya na farko, wadda ta raba Hangari da kusan kashi biyu cikin uku na ƙasarta. Iyaka ta matsa, mutane suka wayi gari a wata ƙasa ba tare da sun bar gidajensu ba, kuma har yau sama da mutum miliyan ɗaya a Romaniya Hangariyanci ne harshen gidansu. A cikinsu ne aka samu wani Kovács ɗin, wanda duniya ta sani da Ștefan Kovács, haifaffen Timișoara a 1920, mai horar da ƙungiyar Ajax ta su Johan Cruyff lokacin da ta ci kofin Turai a 1972 da 1973, kafin ya karɓi tawagar Faransa. Maganar Trianon ciwo ce da ba ta warke ba a zukatan mutane da yawa a can, saboda haka idan ta taso a gabanka ka saurara fiye da yadda za ka yi magana, kada kuma ka yi gaggawar gaya wa wani ko shi ɗan wace ƙasa ne saboda sunansa.

A fagen siyasa ma akwai su. Kovács László ya riƙe ministan harkokin waje sau biyu, daga 1994 zuwa 1998 da kuma daga 2002 zuwa 2004, sannan ya zama kwamishinan haraji da kwastan na Tarayyar Turai. Amma wanda nake so ka riƙe sunansa shi ne Kovács Béla, babban sakataren jam'iyyar ƙananan manoma, jam'iyyar da ta lashe zaɓen 1945. Ranar 25 ga Fabrairu 1947 jami'an Tarayyar Sobiyet suka kama shi duk da kasancewarsa ɗan majalisa, suka tafi da shi ƙasarsu, ya shafe shekaru a tsare, bai sami 'yanci ba sai 1956, kuma ya rasu a 1959. Wannan kamun ne ya nuna wa jama'a cewa zaɓen da suka yi ba zai hana mulkin kwaminisanci kafuwa ba, shi ya sa a yau ranar 25 ga Fabrairu ita ce ranar tunawa da waɗanda wannan mulki ya zalunta. Idan ta zagayo kana can, za ka san dalilinta.

Wani abin da zai ƙara tabbatar maka cewa suna a can ba shaidar jini ba ne shi ne yadda iyalai da yawa suka canja sunayensu a ƙarni na 19 da na 20 don su yi kama da na Hangari, musamman masu asalin Jamusawa da Yahudawa da Sulabawa, wato al'ummomi irin na Sulobakiya da Sabiya. Shahararren ɗan ƙwallon nan Puskás Ferenc, wanda babban filin wasan Budapest ke ɗauke da sunansa, an haife shi ne da sunan Purczeld, iyalinsa suka sauya a 1937. Wasu iyalan sun zaɓi sunaye gama-gari irin su Kovács ne da gangan don kada su fita daban, ka ga ke nan ba kowane Kovács ne ma jikan maƙeri ba.

To yanzu ga yadda su da kansu suke rarrabe wannan taron. Abu na farko, suna fara faɗin sunan iyali ne kafin sunan yanka, saɓanin sauran Turawa, shi ya sa na rubuta maka Kovács Pál da Kovács Katalin; idan suna magana da Turanci ne sukan juya shi don baƙi. Wannan ya shafe ka kai tsaye, domin a takardun makaranta da na hukumar shige da fice gurbin farko na sunan iyali ne, kuma ya kamata ka cika shi daidai da yadda yake a fasfonka, iri ɗaya a ko'ina. Za ka kuma ga cewa kusan kowace takardar hukuma tana neman sunan mahaifiyarka na gidansu. Na san a wajenmu faɗin sunan uwa a bainar jama'a abu ne mai nauyi, amma kada ka ɗauke shi a matsayin raini ko shisshigi, domin da shi da ranar haihuwa da garin haihuwa ne suke bambance wannan Kovács István da wancan. A tsakanin jama'a kuwa laƙabi ne ke yin aikin: ɗan damben nan Kokó kowa ke ce masa, kuma idan ka faɗi haka babu wanda zai tambaye ka wanne kake nufi. A ƙwallon ƙafa ta dā, idan masu suna ɗaya suka haɗu a ƙungiya, lamba ake sa musu, a ce Kovács na ɗaya da Kovács na biyu.

Game da matar da ta ba ku haya, ka duba yadda sunanta yake a takardar yarjejeniyarku. Idan ka ga né a ƙarshen sunan, kamar Kovácsné ko Kovács Jánosné, to sunan mijinta ne take amsawa, ma'anarsa matar Kovács János, kuma sunanta na yanka bai fito a ciki ba sam. Wannan tsohuwar al'ada ce da dattawan mata da yawa ke riƙe da ita, ko da yake doka ta ba mace zaɓin riƙe sunanta na gida ko haɗa biyun, kuma matan yanzu da yawa haka suke yi. Idan dattijuwa ce kuma kun saba, ladabin ƙasar shi ne ka kira sunanta na yanka ka ƙara néni, kamar a ce Kati néni, namiji dattijo kuma a ƙara masa bácsi. Amma sai ita ta nuna maka sunan da take so, kada ka riga ta.

Malaminka kuwa matsayinsa za ka kira. Namiji ana ce masa tanár úr ko professzor úr, mace kuma tanárnő, kuma wannan ya fi kiran sunan iyali kawai daraja a kunnensu. Harshensu yana da hanyar magana ta girmamawa da ta sabo, kuma babba ne ke da ikon ba wa ƙarami izinin komawa ta sabo, saboda haka ka tsaya a kan Jó napot kívánok wajen gaisuwa har sai shi ya sassauta maka. Ba su saba da doguwar gaisuwa mai bin iyali ɗaya bayan ɗaya ba, kuma tambayar lafiyar mutanen gidan wanda ba ku shaƙu ba tana iya sa shi ɗari-ɗari.

Idan kana son ka nuna masa kulawar da ta sa ka yi mini wannan tambaya, ƙofar da al'adarsu ta buɗe tana wajen sunan yanka ne. Kowane suna yana da ranarsa a kalanda, wadda suke kira névnap, kuma ana buga ta a kalandar bango, a kuma faɗe ta a rediyo. Masu suna Katalin ranarsu 25 ga Nuwamba, masu suna István kuwa suna da 26 ga Disamba da 20 ga Agusta, wadda ita ce kuma babbar ranar ƙasa don tunawa da sarkinsu na farko, István, da aka naɗa wajen shekara ta 1000. A irin wannan rana abokan aiki da ɗalibai sukan taya mutum murna, a kai wa mace fure ko cakulan. Ka nemi sunan yankan malaminka da na matar da ta ba ku haya a kalanda, idan ranar ta zo ka ce musu Boldog névnapot, ka kai wa dattijuwar ɗan abin da ya sawwaƙa. Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka, Allah ya ba da sa'ar karatu.

Baffanka.