Ƙanena ya dawo daga yaƙi amma kamar ba shi ba

TAMBAYA: Salam Malam, daga Gadarif ta Sudan nake. Ƙanena soja ne, tunda aka fara yaƙin nan a Afrilun 2023 yake fage, yanzu ya dawo gida amma wlh baya barci, ko raksha (babur mai ƙafa uku) tayi ƙara a titi sai ya zube ƙasa, ga faɗa da kowa. Inna tace aljanu ne, shi kuma wai komawa zai yi gun abokansa. Dan Allah meye mafita?

AMSA: Wa alaikis salam ƴar uwa, Allah bashi lafiya. Wannan abu tsoho ne, tun yaƙin duniya na farko sojojin Ingila ke dawowa da kyarma da firgita saboda ruwan bama-bamai, har ana ce musu matsorata, sai 1980 likitocin Amurka suka sa masa suna PTSD, wato ciwon firgita da ke kama mutum bayan ya ga mummunan tashin hankali. Jikin ne ya saba da zaman ko-ta-kwana, ya dawo gida amma ƙwaƙwalwar tana can.

Zancen komawa kuwa kar ya ɓata miki rai, soja sau da yawa ba tuta ce ke riƙe shi ba, ƴan uwan da suka ci kwano ɗaya cikin rami ne, in an kashe wasu sai ya dinga jin laifi me yasa shi ya tsira. Ayi addu'a, ban hana Inna ruƙiyyarta ba, amma ku kai shi gun likitan ƙwaƙwalwa, kar ku tsare shi da "mutum nawa ka kashe", in da bindiga a ɗaki kuma a ɗauke ta yau.