Takalmin hawa a damina: na fata ko na roba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni nake kula da dawakin mahaifina a Zariya. Duk damina sai takalmina na fata ya ƙandare, ya tsattsage, ɗinkin ya saki. In koma na roba ne, ko akwai fatar da ke jure ruwa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Ɗan'uwa, ba ruwan sama kaɗai ke cin takalminka ba, fitsarin doki ne babba. Warin nan da ke shiga ido idan ka shiga barga da asuba, sinadarin amoniya ne. Shi ke tsotse maiƙon fata, ya ruɓar da zare. Duba takalmin da kyau, za ka ga ɓarnar ta fara daga inda fata ta haɗu da ƙasan takalmi, da kuma wurin da yatsu ke lanƙwasawa.

Shawarata, raba aikin biyu. Sayi dogon takalmin roba don shara da kwashe kashi da wankan doki, ka bar na fata don hawa. Kuɗin zai yi maka nauyi yau, amma ya fi sayen sabo kowace shekara. Robar ma sai ka lanƙwasa ta a gaban mai kaya: idan ta yi fari a wurin lanƙwasar ko ta ƙi komawa daidai, ajiye masa. Kada ka riƙa yasar da shi a rana, zafi ke fasa roba.

Na hawa kuwa, nemi fatar saniya mai kauri wadda ba a kankare fuskarta ba. Jar fatar akuyar Sakkwato ta yi suna har Turai saboda laushi da kyau, ta dace da adon Hawan Sallah, amma ba ta laka ba ce. Jimar bagaruwa ta majemanmu tana shan ruwa fiye da jimar kamfani, sai an ƙosar da ita da mai. Ka ce wa baduku ya ɗinke ƙasan da zaren nailan mai kakin zuma, kada ya tsaya ga gam kaɗai. Dunduniya ta kai inci 1, don kada ƙafa ta zarce cikin likkafa. Wannan maganar rai ce, na roƙe ka kada ka sassauta a kanta. Ƙasan takalmi mai manyan haƙora ma yana maƙalewa a likkafa idan doki ya kayar da mutum.

Tambaya: Idan ya riga ya jiƙe fa? Ni dai kusa da murhu nake ajiye nawa.

Amsa: Malam, daina. Wuta dafa fata take yi, kuma ba ta dawowa. Goge lakar da tsumma mai danshi, cusa tsohuwar jarida a ciki, bar shi a inuwa inda iska ke kaɗawa. Idan ya kusa bushewa, shafa masa man kaɗe kaɗan, ka bi layin ɗinki da yatsa.