Kafin yaro ya hau jirgi zuwa gasa: amsoshin likita ga iyaye da kociyoyi

Assalamu alaikum. Yawancin saƙonnin wannan makon sun taru ne a kan yaran da aka zaɓa su je gasa a ƙasar waje. Ba abin mamaki ba ne, don ƙofofin sun yawaita. Tun daga 2025 kofin duniya na ƙwallon ƙafa na 'yan ƙasa da shekara 17 ya koma duk shekara a Katar, Dakar kuma ita aka ba wasannin Olamfik na matasa na 2026, karo na farko a Afirka. Na zaɓi shida daga ciki.

Likita, ɗana shekararsa 16, ɗan tsere ne, kuma yana da asma. Kocinsa ya ce kada mu faɗa wa kowa don kada a cire shi. Na riga na haɗa masa maganin mura, na ciwon jiki, da wani jiƙo na ƙarfin jiki da kakarsa ta aiko. Akwai abin da zan ƙara?
*Wata uwa daga Zariya*

Hajiya, ba ƙari nake so ki yi ba, ragewa za ki yi. Na san ƙauna ce ta sa kika cika jakar nan, amma tana iya jawo a ƙwace masa lambar da ya sha wahala a kanta.

Akwai hukumar duniya mai yaƙi da shan ƙwayoyi a wasanni, WADA, wadda sabon jerin magungunan da ta haramta yake fara aiki ranar 1 ga Janairun kowace shekara. Dokarta ita ce, duk abin da aka samu a fitsarin ɗan wasa, shi ke da alhakinsa. "Mamana ce ta ba ni" ba ya mayar da lambar da aka ƙwace. A 2014, a gasar ƙasashe renon Ingila da aka yi a Gilasgo, Chika Amalaha ta ci wa Nijeriya zinare a ɗaga nauyi tana da shekara 16, sa'ar ɗanki ke nan. Aka samu maganin sa fitsari a jikinta, aka karɓe zinaren.

Abin da ke damuna shi ne, da yawa daga cikin haramtattun magungunan nan a kowane kyamis ana samun su. Tiramadol ya shiga jerin tun farkon 2024, haramun ne a lokacin gasa, kuma a ƙasashe irin su Masar da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ɗaukarsa babu takardar likita na iya kai mutum gidan yari. Ƙwayoyin ƙiba da ake kira "sha ka fashe", da wasu alluran ciwon gaɓoɓi, akan samu deksametason a cikinsu, shi ma haramun ne a lokacin gasa. Maganin mura kuwa, duba jikin kwalin. Idan kin ga an rubuta Pseudoephedrine, ki cire shi. Ko ƙarin ruwa da muke ɗauka ba komai ba, idan ya wuce mililita 100 cikin awa 12 kuma ba a asibiti aka yi shi ba, laifi ne. Farasitamol ba shi da matsala, haka goro da shayi.

Jiƙon kaka ki bar shi a gida, ki yi mata godiya, ki roƙe ta addu'a a madadinsa. Babu wanda zai iya rantse miki a kan abin da ke cikin gorar, kuma akwai masu sayar da maganin gargajiya da ke daka ƙwayar asibiti su zuba don ya "yi aiki". Haka garin gina jiki da ake sayarwa a gwangwani.

Batun ɓoye asma kuma, kocin ya yi kuskure babba. Asma ba ta hana gasa, akwai zakarun duniya masu ita. An yarda da inhelar salbutamol, muddin bai wuce shaƙa 16 a awa 24 ba, kuma bai wuce 6 a awa 8 ba, in irin inhelar da aka saba ce. Ƙwayarsa ta haɗiya da ruwansa na sha su ne aka haramta. Idan yana buƙatar maganin da ke cikin jerin, likitan tawaga zai nema masa izini na musamman, ana so a nema kwana 30 kafin gasa. To ta yaya likitan zai nema in ba a gaya masa ba? Ga sanyi da busasshiyar iska na tayar da asma. Ki yi tunanin ta tashi masa da tsakar dare a otal, babu wanda ya san yana da ita. Ki rubuta duk abin da yake sha a takarda, ki miƙa wa likitan da hannunki. Inhela kuma a jakar hannu take zama.

Ki kuma shirya masa zuciya: ana iya kiransa gwajin fitsari bayan tsere. Tunda bai kai 18 ba, yana da haƙƙin a bar babban da ya yarda da shi ya raka shi.

Yarona haihuwar gida ne, ba shi da takardar haihuwa. An ce za a sa hannunsa a inji a gane shekarunsa. Injin yana da illa? Wani kuma ya ba ni shawara in rage masa shekara biyu a fasfo.
*Wani uba daga Katsina*

Malam, injin ba shi da illa. Hoton MRI ne na wuyan hannu, da maganaɗisu yake aiki, ba ya ƙona jiki, ba a huda shi. A ƙarshen ƙashin damtse, daidai wuyan hannu, akwai wani guringuntsi da ƙashi ke tsawo daga gare shi. Yayin da yaro ke girma wurin yana rufewa a hankali. An kasa rufewar mataki shida, wanda ya kai na shida ana ɗaukar ya wuce 17. FIFA ta fara amfani da shi ne a 2009, shekarar da Nijeriya ta karɓi baƙuncin gasar kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17.

Zan gaya maka gaskiya, gwajin ba wahayi ba ne. Akwai yaron da ƙashinsa ke rufewa da wuri alhali shekarunsa daidai suke, kuma na 'yan mata ya fi saurin rufewa. Shi ya sa takarda ta gaskiya ke da daraja. Ka je ofishin hukumar ƙidaya ka yi masa rajista da shekarunsa na ainihi, ka haɗa da katin rigakafinsa na jarirai da shaidar firamare in suna nan.

Kada ka rage masa ko wata ɗaya. A 2016 'yan wasan Nijeriya 26 suka faɗi wannan gwajin dab da karawa da Nijar a wasan share fage na gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17. Nijeriya, mai kofi biyar, ta fita daga gasar, Nijar kuwa ta wuce har kofin duniya a Indiya a 2017. Amma ni a matsayina na likita, ba kunyar ƙasa ce ta fi damuna ba. Idan ɗan shekara 20 ya yi karo da ɗan 15 a fili, ƙashin ƙaramin ne ke karyewa. Shi kuma wanda aka rage wa shekaru, zai rayu da fargabar tonuwar asiri duk tsawon wasansa.

Ina da ɗan wasa mai jinin AS, kuma gasar a Adis Ababa za a yi. In bar shi a gida?
*Wani koci daga Kano*

A'a, Koci, ka tafi da shi. Kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Nijeriya AS ne, ba ciwon sikila ba ne. Sai dai tambayarka ta dace, saboda Kano ba ta kai mita 500 daga doron teku ba, Adis Ababa kuwa ta haura mita 2,300, numfashi a can bai ƙosar da jiki kamar na gida. Idan tudu ya haɗu da ƙishirwa da atisaye mai tsanani babu hutu, ƙwayoyin jinin mai AS na iya lanƙwashewa su toshe ƙananan jijiyoyi.

Ku isa da wuri gwargwadon kuɗinku, kwanakin farko atisaye mai sauƙi, ruwa a kai a kai. Alamar da nake so ka haddace ita ce: yaro ya ce ƙafafunsa sun mutu, ko bayansa na ciwo, ya sulale ƙasa a hankali, tsokarsa kuma ba ta ɗaure ba kamar yadda take yi in jijiya ta riƙe. Kada ka ce ragwanci ne, kada ka ce ya ƙarasa zagayen. A tsayar da shi a kira likita nan take. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu ma haka, saifa ce.

Tunda ka rubuto, bari in ɗora maka wani nauyi. Kowane yaro a tawagarka a auna zuciyarsa kafin tafiya, da tambayoyi da gwajin ECG. A tambayi iyaye ko ya taɓa suma yana gudu, ko yana ciwon ƙirji, ko akwai wanda ya mutu farat ɗaya a dangi yana matashi. Samuel Okwaraji ya faɗi a filin wasa na Legas a 1989, Marc-Vivien Foé na Kamaru ya faɗi a Liyon a 2003, dukansu suka rasu, alhali ƙarfafa ne a ido. Iyaye kan ɓoye irin wannan labarin don kada yaro ya rasa dama. Ka zauna da su da kanka, ka lallashe su.

Lokaci ya ƙure mana. Wani ya ce zai kawo mana katin rigakafin shawara ba sai an yi wa ƙanena allura ba.
*Wani matashi daga Jos*

Ɗan'uwa, sauro ne ke yaɗa zazzaɓin shawara, kuma kati ba ya hana sauro cizo. Allurar guda ɗaya ce, tana kare mutum har ƙarshen rayuwa, kuma tun 2016 katin ba ya ƙarewa. Amma sai bayan kwana 10 da yin ta yake fara aiki, don haka gobe da safe ka kai shi ofishin lafiya na tashar jirgi. In aka gane katin jabu a can, ana iya tsare shi ko a mayar da shi gida. A duba masa ta sanƙarau, ta ƙyanda da ta tetanus.

Sannan ya kwana cikin gidan sauro daga yau. Zazzaɓin cizon sauro kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu kafin ya bayyana, wato cizon Jos na iya kwantar da shi ranar wasa a Turai. In ya yi zazzaɓi a can, maganar farko da zai gaya wa likita ita ce daga Nijeriya ya zo, a gwada masa maleriya, don ba kowane likitan can ne zai kawo ta a ransa ba.

'Yata ce aka zaɓa a ƙwallon ƙafa. Babanta ya yarda da ƙyar, ni kuma hankalina bai kwanta ba. Ga al'adarta za ta zo daidai lokacin.
*Maman Ummi daga Yamai*

Maman Ummi, al'ada ba ta hana wasa. Ta tafi da audugar da ta saba da ita, mai yawa. Kada ta fara ƙwayar ɗage al'ada ana gobe tafiya, in ana so a yi haka sai da likita, watanni kafin gasa. Abin da na fi so shi ne a auna jininta yanzu, don ƙarancin jini ya yi yawa a 'yan matanmu, kuma gyara shi na ɗaukar makonni. In al'adar ta ɗauke wata uku tana atisaye, wannan alama ce abincinta bai kai aikin da take yi ba, a kai ta asibiti. Ɗankwali kuwa, dokar ƙwallon ƙafa ta amince da rufe kai tun 2014.

Rashin kwanciyar hankalinki yana kan hanya, kuma kina da haƙƙin tambaya. Wace mace babba ce za ta raka su, mene ne sunanta da lambarta? Su wa za su kwana ɗaki ɗaya da ita? Wa zai riƙe fasfo? Ki gaya wa 'yarki babu wanda zai yi mata tausa ko gwaji ita kaɗai a ɗaki a rufe, kuma duk abin da ya faru, in ta kira ki ba za ki yi mata faɗa ba. Yaran da aka cuta sukan yi shiru ne don tsoron a hana su wasa. Ku kuma yi hattara da dillalan da ke cewa yaro ya sulale daga otal za su samo masa kulob. Dokar FIFA ta hana sayen ɗan wasa daga wata ƙasa kafin ya kai 18, sai a wasu 'yan yanayoyi.

Likita, ni ne zan tafi, Sin za mu je. Ban taɓa hawa jirgi ba, kuma kwana uku ke nan ba na barci.
*Wani ɗan wasa, shekara 15*

Ɗana, wannan fargabar kowa na yin ta, har manyan da kake gani a talabijin. Ka gaya wa kocinka, kada ka sha maganin barci.

Agogon Sin yana gaban namu da awa 7, jiki kuma kan buƙaci kusan kwana ɗaya ga kowace awa kafin ya daidaita. Daga yau ka riƙa kwanciya da wuri kaɗan kaɗan, ka ajiye waya awa ɗaya kafin nan. A jirgi ka sha ruwa, ka tashi ka taka. In kun sauka, ka daure kada ka yi dogon barcin rana, ka jira dare.

Kada ka gwada sabon abinci ana gobe wasa, ka tsaya kan shinkafa, ƙwai, kifi da burodi, ka sha ruwan gora. Ka tafi da garin kunu da ƙullin gishiri da sukari na kyamis saboda gudawa. Kilishi ka bar shi, ƙasashe da yawa na ƙwace nama a filin jirgi. Ku tsayar da lokaci ɗaya a rana da za ka kira gida, kuma ka roƙi Baba in ka kira ya fara tambayarka ko ka ci abinci kafin ya tambayi sakamako.